Ƙulli na Takwas a Faifan Goggo Juwairiya

Matar da ta yi shekara talatin da huɗu tana ciyar da bukukuwan Lafia, wai ita aka zauna aka yanke wa hukunci cewa ta manta girki. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa. Kuma wanda ya yanke hukuncin ba bare ba ne, ɗan cikinta ne, wanda da ƙanzon tukunyarta ya yi ƙashi.

Sunanta Juwairiya, amma a Sabon Pegi ba mai kiran sunan sai ya sa Goggo a gaba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata tun ina amarya, don haka abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

A Awe aka haife ta, gidan masu dafa gishiri. Tun tana 'yar shekara bakwai take bin uwarta wurin aiki, a kwashi ƙasa, a tace, a dafa ruwan har ya ƙone ya bar gishiri a gindin tukunya. Ta taɓa ce min ba ta tuna ranar da tafin hannunta bai san gishiri ba. Da ta auri Malam Dabo tela ta dawo Lafia, ba da niyyar sana'a ta zo ba. Wani suna aka yi a unguwa, matar da aka ɗauka girki ta tashi da zazzaɓi, naman rago yana ajiye, baƙi suna hanya. Goggo ta ɗaura zani ta karɓi muciya. Waɗanda suka ci shinkafar ranar su suka tafi da sunanta gida-gida.

Daga nan ba ta ƙara zama ba. Bikin ƙabilar Eggon, sunan ƙabilar Alago, walimar alhazai, taron coci, saukar karatu, duk ita ce. Tukwanenta tara, babbar cikinsu sai mutum biyu sun kama, ƙaramar kuma tana ƙosar da mutum goma sha biyar. Abin da ya fi fitar da sunanta shi ne ba ta ɗanɗana miya. Za ta dubi tukunya, ta dubi ruwa, ta zura hannu a buhu, ta watsa, shi ke nan. A watan azumi ta sha yin abincin buɗe-baki na masallatai uku bakinta a rufe, ba a taɓa cewa gishiri ya yi yawa ko ya gaza ba. Gishirin kuma ɗaya ne tal, na garinsu, mai tsakuwa-tsakuwa, wanda launinsa bai cika fari ba. Ƙanwarta Usaina ce ke aiko mata da buhu duk rani.

Sai abubuwa suka zo mata a jere. Gwiwa ta hana ta tsayuwa gaban murhu, ta ajiye sana'a. Shekara na zagayowa Malam Dabo ya rasu. Ba a rufa wata shida ba Usaina ta bi shi, buhun Awe ya daina zuwa. 'Ya'yanta mata biyu suna gidajen aurensu, ɗaya a Jos ɗaya a Lokoja. Namijin, Zulkifilu, sunan surukinta ya ci, shi ya sa ba ta faɗin sunan, Baballe take ce masa. Yana aiki a Abuja.

Ba zan ce Baballe ya yar da uwarsa ba, don zan yi ƙarya. Duk wata sai mota ta tsaya ƙofar gida an sauke buhun shinkafa, jarkar mai, katan ɗin taliya, da katan ɗin gishirin leda, irin mai laushin nan kamar garin fulawa. Wa tsohuwa ɗaya. Sai ka ce gidan marayu yake ciyarwa. Bai taɓa ɗaga waya ya ce, Inna me kike ci, me kike so ba. Ya sayo mata firji, a unguwar da wuta ke leƙowa ta koma kafin ruwa ya yi sanyi. Goggo ta mayar da shi wurin ajiye kwanuka.

Ita kuwa ta iya girkin mutum ɗari uku. Na mutum ɗaya ne ba wanda ya taɓa koya mata. Sai ta ɗora ƙaramar tukunyarta, waccan ta mutum goma sha biyar, ta ci ludayi biyu, sauran ta zuba a kwanuka ta rarraba wa maƙwabta. Da farko murna muke yi. Wa zai ƙi miyar Goggo Juwairiya kyauta? Can sai miyar ta fara zuwa da gishiri kamar an yi faɗa da ita. Wata rana kuma ta zo salam, ba ko ɗigo.

A nan nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye ba. Karɓa muke yi, mu yi godiya, mu zagaya baya mu juye wa awaki. Cikinmu duka, mata kusan bakwai, ba wadda ta iya buɗe baki ta gaya mata, wai muna jin nauyi. Awakin Sabon Pegi ne kaɗai suka ci ribar wannan jin nauyin, don sun yi ƙiba har suna sheƙi. Goggo ba yarinya ba ce. Da ta ga kwanuka suna dawowa da wuri kuma ba mai cewa a ƙaro, sai ta daina aikowa. Amma ba ta daina cika tukunya ba. Ta ci yau, ta yi ɗumame gobe, ta yi jibi, rana ta huɗu ya yi tsami cikinta ya ɓaci. Sai ta yi kwana biyu ba ta hura wuta ba, daga koko sai jiƙon gari. Zanin da take ɗaurawa ya fara zagaye ta sau biyu.

Da Babbar Sallah Baballe ya zo. Ta yi masa miyar agushi, wadda ya fi so tun yana yaro. Loma ɗaya ya yi ya ajiye hannu. Ya tashi ya zagaya ɗakin girki, ya buɗe tukwane, ya tarar da biyu da abinci ya yi funfuna a ciki. Sai ya leƙo ta katanga ya kira ni.

"Anti Zuwaira, kuna nan Inna ta koma haka, ba wanda ya kira ni?"

"Ta koma yaya?"

"Ɗanɗana miyar nan ki ji. Inna ce fa ta yi wannan. Rikicin tsufa ne ya fara kama ta, na ga irinsa wajen uwar abokina. Yau gishiri ne, gobe sai ta bar wuta ta cinye gidan. Ƙarshen wata zan dawo da mota, in rufe gidan nan ta koma wajenmu."

Duk wannan a gabanta yake faɗa, tana zaune kan tabarma, kamar turmi ne aka ajiye a tsakar gida. Na san gidan nasa. Hawa na uku ne a bene, ga gwiwarta. In ta hau, sai dai a sauko da ita ranar asibiti. Ɗaki da talabijin, ba maƙwabciyar da za ta yi wa magana ta katanga, ba mai barin ta ta taɓa ko tukunyar shayi. Na ce masa ya bi a hankali. Ya ce ai ya riga ya yi magana da ƙannensa, sun amince.

Bayan ya tafi na zauna kusa da ita. Can ta ce, "Zuwaira, ko dai gaskiyar yaron nan ne?"

"Haba Goggo."

"Bari kawai. Ina sane da miyar, ai ni ma baki gare ni. Ina ɗiba yadda na saba ɗiba, ta fito da gishiri. Washegari in rage, ta fito ba komai. In koma in ƙara, in tsaya ina tunanin na sa ne ko ban sa ba. Hannun nan bai taɓa yi min ƙarya ba. In ya fara, to daga kai abin yake."

Wannan maganar ta fi komai tsorata ni. Da ta ce ba za ta je ba, da na san yadda zan tsaya mata. Amma ta fara yarda.

Ba ni da wata dabara. Ranar Alhamis dai na ce ta raka ni kasuwar Alamis, don kawai ta sha iska. Muka hau keke. Muna cikin layin masu kayan miya sai muka ji an ƙwala kira, "Mama Biki!"

Hembadoon ce, wata 'yar Tibi daga wajen Assakio, mai faɗin baki da faɗin zuciya. Sana'arta ƙulla kayan miya a 'yan ledoji, daidai tukunya ɗaya, tana sayar wa ɗaliban Shabu da ma'aikatan da ba su da iyali a gari. Ƙullin gwauro ake ce wa kayan nata. Goggo ce ta yi girkin bikin ƙanwar Hembadoon shekarun baya. Hausarta irin ta kasuwarmu ce, mace da namiji duk kai ne.

"Mama, kai ne wannan? Wane ne ya cinye jikinka?"

Ni da ba na iya riƙe magana, na zazzage mata komai. Goggo tana ta zungurina da gwiwar hannu tana cewa, "Ke dai Zuwaira bakinki ba shi da murfi." Hembadoon ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Mama, wane gishiri kana sa?"

"Gishiri ai gishiri ne, 'yar nan."

"A'a. Abeg zauna."

Ta jawo mata benci. A teburinta akwai gishiri roba biyu, ɗaya na leda, ɗaya na Awe, don akwai tsofaffin da ba sa sayen wani sai shi. Ta fasa ledar ruwan fiya wata ta raba a kofi biyu daidai. Ta ce Goggo ta ɗebo na Awe kamar za ta sa a kwanon miya ɗaya. Goggo ba ta ko duba ba, yatsu uku suka shiga suka fito. Ta ce ta ɗebo na leda haka. Yatsun suka sake shiga suka fito, ɗiba iri ɗaya sak. Hembadoon ta juya kowanne da cokali ta miƙa mata.

Goggo ta kurɓi na farko ta gyaɗa kai. Ta kurɓi na biyu, ta juya gefe ta tofar.

"Ka gani?" in ji Hembadoon. "Na garinku yana da ƙwaya, yatsa ya kama kaɗan. Wannan kamar fulawa ne, yana cika ko'ina, har ƙarƙashin farce. Hannunka yana nan daidai, Mama. Gishiri ne an canja maka, ba a gaya wa hannu ba."

Goggo ta buɗe tafin hannunta ta zuba masa ido. Shekara sittin da wani abu ba ta taɓa girki da gishirin leda ba sai da buhun Usaina ya ƙare, kuma ba ta taɓa kawo wa ranta cewa akwai bambanci ba. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ashe." Sannan ta ƙara, "Ashe ba kaina ba ne."

Ni kam sai da na nemi gefen bencin na zauna. Wata takwas matar nan tana zargin hankalinta ita kaɗai a ɗaki, mu muna bayan gida muna ciyar da awaki.

Hembadoon ba ta gama ba. Ta ce, "Saura tukunya. Kai ɗaya kana dafa na mutum sha biyar, don me?" Ta ɗauko ƙullinta ɗaya ta ajiye mata a cinya. "Ga wannan. Ƙullin gwauro."

"Ni ce gwauron?"

"Ni ma gwauro ne, Mama, mijina yana gona wata uku."

Goggo ta mayar da ledar kan tebur da yatsa biyu. Ta ce, "Ba ki gane ba. Tuwon mutum ɗaya rowa ce. In ɗora tukunya daidai cikina, baƙo ya yi sallama, in ce masa me? A gidanmu ba a taɓa ɗora tukunya ba rabon baƙo a ciki. Uwata ba ta yi ba, ni ba zan fara da tsufana ba."

A nan na gane abin da ya sa abinci ke ruɓewa a ɗakinta. Ba lissafi ne ya ɓace mata ba. Baƙon da ba ya zuwa take dafa wa kullum.

"Baƙo nawa ya zo maka wannan wata?" in ji Hembadoon.

Na harari Hembadoon, don tambayar ta yi tsauri ko a wajena. Ita kuwa ko a jikinta. Ta jawo ledoji ta jera bakwai a kan tebur, ta ɗauko ɗaya ta ajiye gefe.

"Bakwai naka ne, kwana bakwai. Wannan na takwas na baƙo ne. Busasshe ne, ba ya lalacewa. Baƙo ya zo, kafin ya gama gaisuwa da salla ka sauke."

Goggo ta dubi na takwas ɗin ta daɗe. "Rabonsa yana nan ke nan," ta ce a hankali. "Wuta ce kawai bai gani ba."

"Shi ke nan, Mama."

Amma kada ku ɗauka ta sayi ƙullin Hembadoon. Kwance ɗaya ta yi ta baje a tafin hannu, ta ce, "Wannan ce daddawar? Wa ƙuda kika ƙulla? Kuma dunƙule biyu a miyar mutum ɗaya, kashe 'ya'yan mutane za ki yi a Shabu." Hembadoon tana dariya har da riƙe ciki. Goggo ta zaɓi kayanta da kanta, ta sayi mudun gishirin Awe, muka biya wajen masu tukwane ta ɗauki wata 'yar ƙarama tana juya ta tana taɓe baki.

Da la'asar muka baje faifai a tsakar gidanta. Kowane ƙulli ta sa masa gwangwanin madara ɗaya da rabi na garin tuwo ko shinkafa, daidai cin rana da na bayan magariba. Wani ta sa kuka, wani busasshiyar kuɓewa, wani agushi. Ɗan ɓarin busasshen kifi, daddawa, barkono, sai gishirin da ta murɗe a takarda daban. Manja kaɗai ta bari a kwalba. Da aka zo yadda za ta gane na wace rana ne, tunda ba ta yi boko ba, sai ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwanin zaren Malam Dabo da ba ta taɓa ba tun rasuwarsa. Lahadi ta yi wa zare ƙulli ɗaya, Litinin biyu, haka har Alhamis biyar. Juma'a farin zare, a haɗe da 'yar ƙaramar doya, don ta ce ko ita kaɗai ce a duniya sai ta ci sakwara ranar Juma'a. Asabar baƙi. Na baƙo kuwa jan zare, kuma shi ta zaɓa wa agushi da tsokar kifin da ta fi kyau.

Ranar farko ta ƙona. Ta ɗora 'yar tukunyar ta tafi alwala da tsammanin ruwa zai ɗauki lokacin da ta saba. Na ji ta ta katanga tana yi wa tukunyar faɗa, wai ba ta da haƙuri kamar 'yan matan yanzu. Rana ta biyu ta kira ni, "Zuwaira, zo ki ga tuwon 'yar tsana." Na je na ɗanɗana. Miyar Goggo Juwairiya ce ta da, wadda muka sani. Ta cinye, ta wanke tukunya ta kife. Kafin sati uku kumatunta sun fara dawowa.

Baballe ya zo ranar Asabar da hantsi, da mota da jakunkunan gana-mas-go guda huɗu a naɗe, na kwashe kayanta. Ina jin tsayuwar motar na yafa gyale na shiga, ba tare da an kira ni ba.

Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, sai mu fara haɗa kaya don mu kama hanya da wuri."

"Ka ci abinci tukuna."

Ya dube ni kamar mai neman ceto. Na kau da kai. Goggo ta jawo faifai, ta tsallake na baƙin zare, ta ɗauki mai ja. Yana zaune yana kallo ta kwance, ta hura wuta, ta zuba kowane abu a lokacinsa, ta warware takardar gishiri ta juye, ba ta ɗanɗana ba. Ta tuƙa tuwo ta ajiye masa.

Lomar farko da tsoro ya kai ta baki. Ta biyu bai tsaya tsoro ba. Ya cinye, ya suɗe kwano da yatsa kamar ba ma'aikacin Abuja ba.

"Inna, akwai ƙari?"

"Babu. Rabon baƙo ɗaya ne."

Sannan na karɓi magana. Na gaya masa zancen kofi biyu a kasuwa. Na ce, "Gishirin da kake jibgo mata shi ya kusa raba ta da gidanta. Uwarka 'yar Awe ce, kai ka fi ni sani. Ka ga miya ta canja, ba ka tambayi abin da ya canja a gidan ba, sai ka ce kanta ne. Kuma a gabanta."

"Anti, wallahi ni sauƙaƙa mata nake son yi."

"Ka tambaye ta?"

Ya sunkuyar da kai. Na so in ƙara, don akwai saura da yawa a bakina, Goggo ta ce, "Ya isa, Zuwaira. Ke ma ai awakinki sun ci." Ashe duk ta sani.

Baballe ya matso ya durƙusa gaban faifan, ya ɗaga ƙullin nan ɗaya-ɗaya yana duba zaren. Ya gane zaren ubansa ne. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago cewa ya yi, "To Inna, me zan riƙa aiko miki?"

"Busasshen kifi, in ka samu mai kyau, ba da yawa ba. Ka kira ni ranar Juma'a. Kuma ka kwashe taliyar nan ka kai wa yara, ni ban san me zan yi da ita ba."

Jakunkunan da ya kawo don kayan uwarsa, da taliya da shinkafa suka koma Abuja. Gishirin ledar kuwa Goggo ta ba wa Bafulatanar da ke kawo mata nono, ta ce a kai wa shanu.

Yau shekara biyu ke nan. Goggo tana gidanta. Duk Alhamis muna hawa keke mu je Alamis, ta yi faɗa da Hembadoon a kan daddawa, mu dawo ta baje faifai. Hembadoon ta ƙara daddawar, ta rage dunƙule, kuma yanzu takwas-takwas take ƙulla wa ɗalibai, wai su ma suna yin baƙi. Manyan tukwanen suna fita aro gidajen biki, kuma har yanzu akan turo keke a ɗauki Goggo ranar girki, ba don ta tuƙa komai ba. A zaunar da ita a kujera, in an zo sa gishiri a kira ta. Da nata take zuwa, a ƙulle a bakin zani.

Na jan zaren ba ya kai sati a faifai. Tunda labari ya zagaya cewa miyar ta dawo, masu sallama sun yi yawa, har wani satin sai ta ƙulla biyu. Ni na fi kowa cin sa, ba kunya. In na shiga ta kan dube ni ta ce, "Ke baƙuwa ce da katanga ɗaya?" Sannan ta miƙa hannu ta jawo faifan.